Sassaƙen Mangwaron Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da aikin gona a wata makarantar 'yan mata a Tudun Wada, kuma kowace shekara akwai darasin da nake ɗokin zuwansa, saboda a nan nake baje kolina. Sai in zana bishiya a allo, in ja kibiya ɗaya daga sama zuwa ƙasa, wata daga ƙasa zuwa sama, in ce wa ɗalibai ganye da saiwa ba su taɓa ganin juna ba, amma kullum suna aika wa juna saƙo. Littafi yana kiran saƙon homon. Sabon toho a can ƙarshen reshe yana haɗa nasa, ya tura shi ƙasa ta cikin ɓawo tare da zaƙin da ganye ya sarrafa, ya ce wa saiwa ta ci gaba da nutsawa. Saiwa kuma ta haɗa nata, ta zuba shi a ruwan da ke hawa ta tsakiyar itace, ta ce wa ganye ya zauna kore. In ƙasa ta bushe wani saƙon take aikawa, ganye ya rufe 'yan kafofinsa. Kuma saƙon ba ya daɗewa. Bishiya takan narkar da shi, ko ta ɗaure shi da sukari ta ajiye gefe, don haka dole a yi ta aiko sabo. Ina faɗin wannan duka ina ɗaga kai, kamar ni na gano abin.

Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Duk na san shi ranar da na ɗauki wuƙa na nufi mangwaron Baba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a gefen Ba'awa, ƙasar Kiru. Baba manomi ne kamar kowa, amma abin da aka san shi da shi auren mangwaro ne, wato a yanko reshen iri mai kyau a haɗa shi a jikin tsiron da aka shuka daga ƙwallo, a ɗaure su har su kama juna. Ana zuwa ɗaukarsa a babur daga Bebeji har Doguwa. Nasa lambun yana bakin fadama, tafiyar rabin awa daga gida, kuma a tsakiyarsa akwai bishiya ɗaya da ba ya haɗa ta da komai. Shi ya shuka ta, shi ya yi mata aure, tun kafin a haife ni. Bayan rasuwar mahaifiyarmu can ya koma da yininsa. Da hantsi yake fita da buta da 'yar rediyo, a inuwarta yake azahar da la'asar, sai dab da magariba a gan shi. In ya isa yakan yi mata sallama a hankali, yadda ake yi wa mai barci. Mutanen gari sukan yi masa tsiya su ce ya tafi wurin amarya, shi kuma ya ce ai ita ba ta taɓa ɗaga masa murya ba.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ni ya koya wa sana'ar, domin Yayana ba shi da haƙurin ɗaurin zare. Hirarmu da Baba duk ta bishiya ce, ba mu iya wata ba. In na zo hutu sai ya ce, “Uwata, me littafinku ya ce a kan reshen da ya yi toho biyu?” In na faɗa ya yi dariya, ya ce littafin ya kusa daidai.

Da kakar wata shekara shawara ta kwantar da shi. Idanunsa suka koma ruwan ɗorawa, har tafin hannunsa. An kai shi asibiti, an yi ƙarin ruwa, an ba da magani, aka ce a koma gida a jira. Jiran ne ya gagare mu. Mako uku yana kwance, koko ma sai an yi da gaske yake haɗiyar cokali biyu. Mu huɗu ne a kansa: Gwaggo, yayarsa, wadda ta tare a gidan, Baffa, ƙanensa, Yaya, sai ni da nake zuwa ranar Juma'a in koma Lahadi. Ɗakin ya cika da kwanuka da robobi. Duk wanda ya zo dubiya da jiƙonsa a hannu, kuma ba a tambayar mutum me ya kawo, sai dai a ce Allah ya saka da alheri.

Akwai wani magani da tsofaffin garinmu suka sani. In shawara ta ƙi ji, sai a samo sassaƙen bishiyar da mara lafiya ya shuka da hannunsa, a dafa ya sha. Yana da sharuɗɗa. Za a sari ɓawon ne daidai tsayin inda ciwon yake a jikin mutum, wato ƙasan haƙarƙari. In an gama a shafe wurin da laka don kada bishiya ta sha iska. Kuma daga fitarka gida har ka ɗora tukunya ba magana, ko sallama aka yi maka ba za ka amsa ba. Bayan nan ma ba ka gaya wa kowa, in ka faɗa maganin ya karye. Limamin garin ya sha yin faɗa a kan wannan, ya ce ɓawo dai magani ne da izinin Allah, amma shirun da ɓoyon canfi ne. Faɗansa bai hana komai ba, sai ƙara wa mutane dalilin ɓoyewa da ya yi. Ni kuwa na fi Liman zafi. Na taɓa kawo wannan al'ada a aji don 'yan mata su yi dariya, kuma sun yi.

Wata Asabar da safe na shiga gaishe da Baba. Ya buɗe ido ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya ce, “Wace ce?”

Na fito tsakar gida na tsaya. Ban tuntuɓi kowa ba, ko kaina. Na ɗauki wuƙar auren mangwaron da ya ba ni, na sa hijabi, na kama hanyar fadama bakina a rufe. Mutum uku suka gaishe ni a hanya, har da tsohuwar da ta yanke mini cibi, na wuce su kamar kurma. Malamar makaranta guda.

Lambun shiru. Dawar maƙwabta ta yi tsayi ta rufe ko'ina, ba ka ganin kowa, ba mai ganinka. Tabarmarsa na nan a naɗe inda ya jingine ta. Na tarar da busasshiyar laka a jikin bishiyar, daidai tsayin da nake nema. Na ga lakar, ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina gara ce ta samu sake tunda mai lambu ya kwanta, ban ko kai hannu ba. Hankalina duk yana kan “wace ce” ɗin nan. Na duba inda ɓawo ya fi kyau, na sami wani wuri ta gefen rijiyar da ke bakin lambun, faɗinsa kamar tafi biyu, lafiyayye, ba tabo. Na ja wuƙa a sama, na ja a ƙasa, na ɓanɓare shi gaba ɗaya har farin itacen ya bayyana yana naso. Yankan ya fita tsaf, har na ji daɗinsa. Daidai lokacin ganyen sama suka motsa gaba ɗaya, sau ɗaya, suka tsaya, alhali ba iska. Na san tsuntsu ne ko jemage. Duk da haka na kwaɓa laka da sauri na shafe, na bar wurin ban waiwaya ba. A murhun da ke bayan rumbu na dafa, na zuba a fulas, na ajiye cikin sauran kwanukan.

Bayan kwana goma Baba ya nemi tuwo. Ko maganin asibiti ne, ko kwanansa ne da bai ƙare ba, Allah ne masani. Ni dai a ɓoye na ɗauka nawa ne. Ya tashi, amma ƙafafunsa ba sa kai shi nesa da ƙofar gida, kuma yanar da ta daɗe tana bin idonsa ta samu dama ta rufe. Lambu sai labari. Kullum in Baffa ya dawo daga fadama zai tambaye shi, “Ya ka baro ta?”

Sai bishiyar ta yi fure. Ta riga duk mangwaron fadamar da kusan wata guda, kuma ba irin furen da muka saba gani ba, ganyen ma da ƙyar ake hango su. Baffa ya karyo kai ɗaya ya kawo masa. Baba ya sunsuna, fuskarsa ta washe, ya ce a fara tanadin sandunan tokare rassa. Gari ya ɗauka. Aka ce bishiya ta yi murnar tashin mai ita. Wasu tsofaffi suka ƙara gishiri, suka ce ai ran Baba da nata a haɗe suke, tunda ta yi wannan ado to shi ma ya tsallake. Maganar ta shiga kunnen Baba, bai musa ba.

Ni da na ji labarin furen a waya gabana ya faɗi. Ban san dalili ba, ko kuma na sani na ƙi dubawa. Da aka yi hutun ƙarshen shekara na tafi lambun da rana tsaka. Tun daga nesa ake jin ta. Ƙudan zuma sun cika ta, wani irin gunji ne mara yankewa, ga ƙamshin fure mai nauyi har yana hawa kai. A ƙarƙashinta duhu-duhu da sanyi. Na tsaya gaban lakata. Sama da ita ɓawon ya kumbura, ya yi tudu kamar leɓe. Na bi kumburin da ido, na ga bai tsaya a iyakar yankana ba. Na ɗauki tsinke na fara kankare laka. Inda nawa ya ƙare wani ya fara, mai zurfi, na gatari. Na ci gaba ina zagawa. Bayan na gatarin sai wani mai karce-karce, bayansa wani mai faɗi. Ina tafe ina addu'ar in ci karo da ɓawo ko da faɗin yatsa ne, har na dawo inda na fara.

Na zauna a ƙasa. Abin da nake zanawa a allo ne a gabana. Ruwa yana hawa ta cikin itace, shi ya sa sama take kore. Amma hanyar sauka ta yanke tun kaka. Zaƙi da saƙon ganye suna zuwa bakin yankan su tsaya su taru, shi ne kumburin, shi ne kuma wannan haukan furen. Can ƙasa saiwa tana cin ɗan abin da ta ajiye, ba ta jin komai daga sama. Ranar da ajiyar ta ƙare za ta daina aiko nata saƙon, ta daina turo ruwa. Bishiyar da gari ke yi wa barka ta riga ta tafi, labarin ne bai iso sama ba. Kuma kafin waccan Asabar tana da sauran hanya ɗaya, mai faɗin tafi biyu, ta gefen rijiya. Ita na zaɓa saboda ta fi kyau.

A hanyar komawa na haɗu da tsohuwar nan da na ƙi amsa wa gaisuwa. Ta riƙe hannuna tana murmushi, ta ce, “Malamar gona, kin ga ikon Allah? Akwai wannan a bokonku?” Na ce mata akwai, na zare hannuna.

Dabara ɗaya ta rage. A yanko 'yan rassa masu ƙarfi, a soka kan kowanne a ƙarƙashin ɓawon sama, gindinsa a na ƙasa, su zama gada. In sun kama, saƙo ya samu hanya. Amma ana so a kakkaɓe furen a rage wa bishiya kaya, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da sanin Baba. Da yamma na zauna kusa da shi da niyyar faɗa. Ya riga ni. Ya ce, “Uwata, kin gan ta? Me littafinku ya ce a kan wannan?” Na ce littafi ya ce albarka ce. Tsoro ne ya kama bakina, ba tausayi ba, ko da yake na daɗe ina ce wa kaina tausayi ne. Washegari na koma ni kaɗai, na yi gada bakwai, na naɗe kowace da baƙar leda, na ɗaure da zare, na mai da laka a sauran wurin. Na koma Tudun Wada ban gaya wa kowa ba, kamar dai shirun bai ishe mu ba.

Bayan mako uku na dawo na tarar babu ko ɗaya. Sai tsagin da na yi a ɓawo, da toka a gindin bishiyar. Na nufo gida raina a ɓace. Gwaggo na tsakar gida tana tankaɗe, da ganina ta ja ni ɗakinta ta tura ƙofa.

“'Yar nan, an yi wa ubanki asiri,” in ji ta. “Itace bakwai na tarar a jikin bishiyarsa, an naɗe da baƙar leda. Bakwai cif. Na fizge su da hannun hagu na ƙone. Kada ki gaya masa.”

“Gwaggo, da kika ja, da sauƙi suka fito?”

“Ina fa! Uku sai da na sa ƙarfi, kamar a jikinta suka tsiro. Har ruwa suke yi.”

Uku sun kama ke nan. Ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce ni na ɗaura, na gaya mata dalili, na gaya mata abin da ke ƙarƙashin lakar. Ta zauna a bakin gado, ta kalli hannuwanta da gari ya yi wa fari.

“Ni ta gabas na ɗiba,” ta ce a hankali. “Da lauje. Ɗan kaɗan ne fa. Kuma na shafe.”

“Kin ga laka a wurin kafin ki sara?”

“Na gani. Na ce gara ce.”

Bayan la'asar muka kira Baffa da Yaya. Baffa ya fara da cewa shi bai san zancen ba, sannan ya cire hula ya riƙe, ya ce shi ne na farko, da gatari, washegarin dawowa daga asibiti. Yaya, wanda ya fi ni zagin canfi, ya kalli ƙasa ya ce shi adda ce a hannunsa. Ashe kowannenmu ya yi wata uku yana jin shi ya tashi Baba, yana yi wa sauran kallon tausayi. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake abin dariya ne. Muka daidaita a kan ba za a gaya masa ba, tunda an riga an sa masa a rai cewa ransa na jikin bishiyar. Na sake yin gada, wannan karon da sanin su ukun, amma zafi ya shigo, itacen da ke tsakani ya bushe ya tsage. Ko ɗaya ba ta kama ba.

Zan faɗi abin da na fi jin kunyarsa. A waɗannan watannin ni ma na fara yarda da maganar tsofaffin. Baba ya yi ƙiba, kumatunsa sun ciko, yana cinye tuwo har ya nemi ƙari, kowa na cewa ya fi da kyau. Ni kuwa sai in zauna ina kallonsa yana ci, ina tambayar kaina ko shi ma saman ne kawai ke kore. Nakan ƙirƙiri dalili in taɓa ƙafarsa in ji ko da ɗumi. Wata rana na je lambun na manna kunnena a jikin bishiyar, ƙasa da yankan, na daɗe a haka. Ban san me nake son ji ba. Ban ji komai ba sai bugun jinina, amma na tashi da sauri kamar an kama ni ina laɓe. A zangon nan darasin ya zo a makaranta, na zana kibiyoyina biyu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to in aka yanke ɓawon duka, bishiyar tana sani?” Na ce ta buɗe shafi na gaba.

Bazarar nan ban taɓa ganin 'ya'ya irin nata ba. Sai da aka tokare rassa da sanduna fiye da ashirin, duk da haka biyu suka tsage. Masu saye daga Kafin Maiyaƙi suka yi ta zarya. Duk wanda ya sha sai ya yi salati. Mu huɗu ne kawai ba ma sha, kowa da ƙaryarsa, ni na ce haƙori. Gwaggo ta yi ta hana a kai wa Baba, wai mangwaro ba ya yi wa wanda ya tashi daga shawara. Mako biyu ya yi mata haƙuri, rannan ya ce ko a kawo ko ya aiki maƙwabci. Baffa ya zaɓo mafi kyau ya miƙa masa. Baba ya juya shi a hannu, ya ji nauyinsa, ya yanka da kansa ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya tsaya. Ya daɗe bai haɗiye ba.

“Wannan zaƙin ya yi yawa,” ya ce.

“Albarka ce,” in ji Gwaggo.

“Shekara arba'in ina shan ta. Bana ba ta ajiye wa kanta komai ba.” Ya ɗora ragowar a faifai, ya goge hannu a riga. “Ku kai ni.”

Washegari da hantsi Yaya ya goya shi a babur, mu uku muka bi a ƙafa. Muka tarar ya sa an tsayar da shi a bakin inuwa yana jiranmu. Ƙudan zuman sun daɗe da tafiya. Ba tsuntsu, ba motsi, sai rassan da suka sunkuyo a kan sanduna. Ya yi mata sallama. Ya tako a hankali har tafinsa ya taɓa jikinta, ya shafo ƙasa, ya tsaya a kan kumburin. Ya sa farce ya ɓare laka, ya fara bin wurin da yatsu yana zagawa, mu kuma muna tsaye muna kallonsa.

“Gatari,” ya ce. “Mai shi bahago ne.”

Baffa ya sunkuyar da kai.

Baba ya matsa gaba. “Wannan lauje ne, kuma hannun ba ƙarfi.” Gwaggo ta fara kuka ba sauti. Ya ƙara matsawa. “Adda. Gaggawa, kamar kullum.”

Sai ya iso gefen rijiya. Ya bi layin sama da yatsa ɗaya, ya bi na ƙasa, ya sake bi. Ya daɗe a nan fiye da sauran ukun a haɗe. Na so ƙasa ta tsage in shige.

“Wannan ya iya,” ya ce. “Bai taɓa itace ba, bai bar ɓawo ba.”

Bai juyo ba, bai kira ni ba. Ya durƙusa da ƙyar ya laluba gindin. Akwai wasu 'yan toho ja-ja da suka fito ƙasa da yankan, ni ma sai lokacin na lura da su. Idanu ne da ke barci a jikin kututture. Saƙon da ke saukowa daga sama shi ke hana su tashi, in ya daina zuwa sai su farka. Baba bai san sunan saƙon ba, amma ya san ma'anar tohon. Ya murza ɗaya a tsakanin yatsunsa.

“Ƙasa ta fid da rai da sama,” ya ce. “Ba za ta ga tsakiyar damina ba.”

“Don kai muka yi,” in ji Gwaggo. “Wallahi don kai muka yi.”

“Na sani. Na gane ɗanɗanonta tun a kofin farko. Na ɗauka sara ɗaya ne ake ta dafa mini.” Ya dafa bishiyar ya miƙe. Sannan ya juyo da fararen idanunsa wajenmu. Ba faɗa a muryarsa, tambaya ce ta gaske, yana son ya sani. “Ku huɗu. Babu wanda ya zagaya ya dubi bayanta?”

Ya jira, da ya ji shiru ya ce a mai da shi gida.

Bayan ruwa na uku ta bushe cikin kwana biyar. Ganyen ba su zuba ba. Suka ƙandare a jikin rassa, in iska ta taso su yi wata irin ƙara da ake ji tun daga hanya, har mata suka daina bi ta nan zuwa rijiya. Ganye ma sai an aiko masa ya saki reshe yake saki, ita kuwa ba sauran mai aike. Gari ya zuba ido a kan gidanmu, ana jiran abin da tsofaffi suka faɗa. Bai faru ba. Baba ya ƙara shekara shida a duniya, yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da sanda. Bai sake taka lambun ba, kuma masu zuwa neman ya duba musu mangwaro yakan ce su nemi wani.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. In na zo yakan amsa gaisuwata, ya sa mini albarka, daga nan sai mu zauna a ƙofar gida ba abin cewa. Sau da yawa nakan zo da tambaya a bakina, ta gaske ko wadda na ƙirƙira a mota, a kan wani tsiro da ya ƙi kamawa a gonar makaranta. In faɗa masa duka, ya saurara har in gama. Sai ya ce, “Allah ya kyauta,” ya tambaye ni ko an kira la'asar.